Yadda za ka zaga Atlanta cikin kwana biyu ka ga yadda garin ya rikiɗe

Mutanenmu da yawa Atlanta filin jirgi kawai suka sani, a sauka a canja jirgi a wuce Houston ko Chicago, shi kenan. To in Allah ya kai ka kuma kana da kwana biyu a hannu, don Allah kar ka ɓata su a ɗakin otal ko yawon kantuna, garin nan yana da labari kuma a ƙasa labarin yake, sai ka taka ka gani.

Abu na farko, kar ka yi hayar mota ranar farko. Daga cikin filin jirgin Hartsfield-Jackson akwai jirgin ƙasa na MARTA, ka sayi katin Breeze ka hau ka sauka a tashar Five Points. Dalilin da ya sa na ce ka fara daga nan shi ne nan ne cibiyar garin, a 1837 aka kafa alamar ƙarshen layin dogo na Western and Atlantic a wannan yanki, sunan wajen ma a lokacin Terminus, daga baya Marthasville, sai a 1845 ya zama Atlanta. Babu teku, babu wani babban kogin da jiragen ruwa ke bi, hanya ce kawai ta haifi garin. Sojojin Janar Sherman sun ƙone shi a 1864 lokacin yaƙin basasar Amurka, aka sake ginawa, a 1868 ya zama babban birnin jihar Jojiya. Ka riƙe wannan a ranka kana tafiya, dogo ne ya kafa shi, manyan tituna suka baza shi, filin jirgi ya kai shi duniya, kuma kowace hanya da ta kawo arziki akwai waɗanda ta tasa daga gidajensu.

Daga nan ka yi gabas a ƙafa zuwa titin Auburn, wanda ake cewa Sweet Auburn. Nan ka ba shi lokaci sosai, rabin yini ma bai yi yawa ba. Zamanin wariyar launin fata nan ne baƙaƙe suka gina bankunansu da jaridunsu da coci-cocinsu, Alonzo Herndon da aka haifa cikin bauta ya fara da aski ya kafa kamfanin inshora na Atlanta Life a 1905. A wannan titin aka haifi Martin Luther King, jagoran gwagwarmayar 'yancin baƙaƙe, a 1929, gidan yana nan, cocin Ebenezer yana nan, kabarinsa ma yana nan kusa. Amma abin da nake so ka lura da shi, kafin ka kai gidan nasa sai ka bi ta ƙarƙashin wata ƙatuwar gada, sama motoci ne ba iyaka, manyan titunan I-75 da I-85 ne a haɗe. Ka ɗan tsaya a ƙarƙashinta ka kalli hagu da dama. Tsakiyar unguwar aka tsaga aka wuce da titin don masu zama bayan gari su riƙa shigowa aiki da mota, kuma wallahi har yau unguwar ba ta gama farfaɗowa ba, abin yana min ciwo duk lokacin da na tuna.

Da la'asar ka koma yamma zuwa Centennial Olympic Park. Wasannin Olamfik na 1996 ne suka kawo wannan fili, da wajen duk sito-sito ne da kangaye. Mu dai 96 ba ma mantawa da ita, Chioma Ajunwa ta ci zinare a dogon tsalle a nan Atlanta, su Kanu kuma suka doke Brazil 4-3 da Ajantina 3-2, sai dai waɗannan wasanni biyu a garin Athens aka buga su, wani gari ne daban a jihar, kar ka je kana neman filin a nan. Gefen filin akwai gidan tarihin Coca-Cola, lemon da aka fara sayarwa a garin a 1886. Ka ɗan yi arewa kaɗan za ka ga unguwar Centennial Place, nan ne da Techwood Homes yake, gidajen gwamnati na talakawa tun 1936, aka rushe su saboda baƙin Olamfik, kuma yawancin waɗanda aka tasa ba su dawo ba. In lokacin sallah ya yi, masallacin Al-Farooq yana titi na 14 kusa da jami'ar Georgia Tech.

Rana ta biyu ka sa takalmi mai daɗi ka nufi BeltLine. Tsohon layin dogo ne da ya kewaye garin, mil 22, an watsar da shi ciyawa ta cinye, sai wani ɗalibi Ryan Gravel ya rubuta kundin digirinsa a 1999 ya ce a mai da shi hanyar ƙafa da keke da jirgi. Ɓangaren gabas an buɗe shi a 2012. Ka fara daga Ponce City Market, wani tsohon ginin kamfanin Sears na 1926 da yanzu ya koma shaguna da gidajen abinci da ofisoshi, ka gangara kudu ta unguwar Old Fourth Ward. Wajen yana da kyau ba ƙarya, amma ka riƙa leƙa layukan da ke gefe, za ka ga tsohon ƙaramin gidan katako jingine da sabon bene mai gilashi, wannan shi ne canjin da idonka. Kuɗin haya da harajin gida sun tashi, tsofaffin mazauna suna ta ficewa. A 1990 kusan kashi 67 cikin ɗari na mutanen birnin baƙaƙe ne, a ƙidayar 2020 sun koma ƙasa da rabi, a garin da ya zaɓi Maynard Jackson magajin gari baƙar fata na farko tun 1973, mutumin da ya tsaya kai da fata sai an ba kamfanonin baƙaƙe kaso a kwangilar filin jirgi.

Bayan azahar yanzu kam ka nemi mota, don MARTA ba ta zuwa ko'ina, ƙananan hukumomin Cobb da Gwinnett sun ƙi shiga tsarin tun farko, shi ya sa cunkoson garin ya yi suna. Cikin birni mutum kusan dubu 500 ne kawai, amma da kewaye sun haura miliyan 6, kaga ke nan yawancin Atlanta tana bayan titin zobe na I-285. Ka bi Buford Highway ka ga allunan shaguna da Sifaniyanci da Koriyanci da yaren Biyetnam, sannan ka ƙarasa Clarkston inda 'yan gudun hijira daga Somaliya da Habasha da sauran wurare suka zauna, can abincin halal ba wahala. Ka yi ƙoƙari ka baro I-285 kafin ƙarfe huɗu na yamma, kuma in za ka sa adireshi a waya ka duba da kyau, titunan da ke da Peachtree a sunansu sun fi 70.