Salun ta alfarma ko jif: kurakuran magidanta wajen sayen motar hannu

Tambayar ba ta ƙarewa: kuɗina zai kai tsohuwar salun ta alfarma irin Marsandi S-Class ko BMW 7 Series, zai kuma kai jif irin Toyota Highlander ko Lexus RX 350, wacce zan saya wa iyali? Yawanci mai tambayar ya riga ya yanke hukunci a ransa, ɗan amshi yake nema. Bayan wata shida sai a tsince shi a gareji ya rafka tagumi, yara kuma sun koma hawan motar haya.

Babban kuskuren shi ne lissafin kuɗin saye kaɗai. Motar alfarma farashinta ne ke karyewa da shekaru, amma kayan gyaranta suna nan a kan bakansu, tamkar ranar da ta fito daga kamfani. Arahar da ka gani ba tausayinka aka ji ba, mai ita ya hango abin da ke tafe ne ya sauke kayan a kanka.

Mu ɗauki ƙafafu. S-Class ƙirar W220 da W221, wato daga 1998 zuwa 2013, mafi yawansu ba a kan sifirin na ƙarfe suke zaune ba, a kan jakar iska suke, tsarin da Mercedes ke kira Airmatic. Akwai jaka a kowace ƙafa, da kwamfireso mai hura su, da siraran bututu, da sensa mai auna tsayin mota. Laushin da ke ruɗar mutane a ranar gwaji daga nan yake fitowa. To jakar roba ce, kuma roba tana tsagewa da tsufa ko an hau motar ko an jingine ta. Da ta fara yoyo, kwamfireso zai yi ta aiki ba hutu don ya cike giɓin, har ya ƙone. Sai mai mota ya canza kwamfireso ya bar jakar da ta jawo matsalar, sabon ma ya bi sahun tsohon. In ka canza jakar hagu ka bar ta dama, ka sani sa'o'in juna ne, ita ma tana kan hanya.

Gwajin ba wuya, mutane ne ba su da haƙuri. A ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri, ka auna daga ƙasa zuwa leɓen ƙarfen da ke saman kowace taya, ka rubuta. Ta kwana ba a tayar ba. Da safe ka sake aunawa kafin a murza makulli. Gefen da ya sauka da santimita 2 ko fiye, yoyo yake. Kuma da isarka ka ɗora hannu a kan bonet: in da ɗumi, an riga ka tayar da ita don ta miƙe. Mai sayarwar da ya ƙi yarda da wannan gwaji ya ba ka amsa.

Kowace ƙira da tabonta. E-Class ta 2002 zuwa 2006 tana da birkin lantarki mai suna SBC, famfonsa yana ƙirga yawan taka birki, in ya kai iyaka sai gargaɗi ya fito, kuma canza shi ake yi gaba ɗaya. BMW 7 Series ƙirar E65 mai injin V8 ta yi suna wajen lalacewar robobin bawul. Ka bar ta tana aiki a tsaye minti 10, wani ya taka totur, kai kuma ka tsaya a bayan salansa. Shuɗin hayaƙi na nufin tana shan baƙin mai, aikin kuma ba na yini ɗaya ba ne.

Ni dai ƙa'idata, wanda ba zai iya ware kashi ɗaya cikin biyar na kuɗinsa ya ajiye don gyaran shekarar farko ba, bai isa sayen wannan motar ba tukuna. Wanda kuma ya nace sai salun mai daɗin zama, ina tura shi ga Lexus ES 350. Ta 2007 zuwa 2018 injinta 2GR-FE ne mai lita 3.5, shi ne a yawancin Camry mai V6 da Highlander da RX 350 na zamaninta, ƙafafunta kuma sifirin ne da shokazoba irin na kowa. Wasu za su ce ba ta kai Marsandi kwarjini ba. Gaskiya ne. Kwarjini kake nema ko kai yara makaranta?

Kuskure na biyu na masu gudun salun ne, waɗanda ke ganin da an ce jif an gama magana: ta fi girma, ta fi ƙarfi, ta fi tsaro. Dukkan ukun da gyara.

Maganar ƙarfi tukuna. Jif iri biyu ce. Prado da Land Cruiser an ɗora jikinsu ne a kan shasi mai zaman kansa. Highlander da RX da Honda Pilot kuwa ginin salun ne aka ɗaga sama, da yawansu ma tayoyin gaba kaɗai ke ja. Kada ka yarda da rubutun da ke manne a baya, ka durƙusa ka leƙa: in babu farfela da ta miƙe daga giya zuwa tayoyin baya, ba ta jan ƙafa huɗu, sai dai in mai haɗa fetur da lantarki ce. Abin da ka samu na gaske shi ne tsayi daga ƙasa, kusan santimita 20, alhali salun tana wajen 14. In hanyar da kake bi kullum tana da ramuka da kwazazzabai, wannan santimita 6 ya isa hujja, ka sayi jif. In kuwa kwalta ce sumul daga gida zuwa aiki, nauyin banza za ka riƙa ja, kana biya a fetur da taya da birki.

Sai girma. Ana ganin kujera bakwai a ruɗe. Ɗaga layin kujeru na uku ka buɗe but ka gani: jaka biyu ƙanana sun cika shi. Wato ranar tafiya mai nisa, ranar da ka sayi motar dominta, ko mutane ko kaya. Daga nan sai a fara lodi a saman rufi, a kan motar da dama can nauyinta a sama yake. A nan maganar tsaro ta shigo: jif ta fi salun saurin kifewa idan aka fizgi sitiyari cikin gudu. Don haka ba na yarda da jif ɗin iyali da ba ta da na'urar hana zamewa, wadda Toyota ke kira VSC, Mercedes kuma ESP. Ka murza makulli ka ga fitilarta ta kama tare da sauran, sannan ta mutu bayan inji ya tashi. Wadda ba ta kama ba sam, wataƙila cire ƙwan aka yi.

Kuma don Allah a daina zuwa gwajin motar iyali da abokai. Abokinka ƙarar inji zai yaba. Ka tafi da waɗanda za su zauna a ciki. A ɗaura kujerar jariri a ga ko akwai ISOFIX, wato maƙalan ƙarfe da ke riƙe ta a jikin kujerar mota, a ga ko mutum biyu za su samu wuri a gefenta. Dattijuwa mai ciwon gwiwa ta gwada hawa, don Prado tsani take nema, salun mai ƙasa sosai kuma tashi daga cikinta aiki ne.

Wanda ya gudu daga S-Class ya faɗa Range Rover ko Mercedes GL bai tsira ba, jakar iskar nan ce dai, a ƙarƙashin mota mafi nauyi.

Sauran ƙanana ne. Jif mai jan ƙafa huɗu tana son tayoyi huɗu iri ɗaya masu cin da ya yi daidai, in ba haka ba akwatin raba ƙarfi ne zai sha wahala. BMW da yawa ba su da safaya taya, ka ɗaga shimfiɗar but ka duba. Pilot da RX 330 bel ne ke juya taimin ɗin injinsu, ba sarƙa ba, in babu shaidar an canza, ka canza tare da famfon ruwa. Kada ka yarda da mitar kilomita, ka kalli goguwar sitiyari da fedar birki. Warin ruma da tsatsa a ƙarƙashin kujera alamar ta sha ambaliya ce, ka bar ta ko da kyauta. A sa kwamfutar bincike bayan an yi tafiyar minti 20, ba kafin nan ba, don laifin da aka goge ya samu damar dawowa. Lamba huɗu na ƙarshe a rubutun DOT na gefen taya mako ne da shekara: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Wadda ta haura shekara 6 ka sa kuɗin sabuwa a cikin ciniki, ko da zanenta bai goge ba.