Yadda Ake Fita Kallon Namun Dawa a Gandun Daji

Rani ya fi damina ga mai son ganin dabbobi. Ciyawa ta bushe, ƙananan tafkuna sun ƙafe, dole dabbobi su taru a 'yan mashayar da suka rage. Da damina kuwa, ko giwa sai ta ɓace maka cikin duhuwa.

Ka fita da asuba da zarar an buɗe ƙofa, ko bayan la'asar. Da tsakar rana zaki yana kwance a inuwa, yawo a lokacin ɓarnar mai ne. Tanadi madubin hangen nesa mai lamba 8x42 da ruwa lita 3 ga kowane mutum. Sa tufafi masu launin ƙasa, domin baƙi da shuɗi suna jawo ƙudan tsando.

Tuƙi a hankali. A gandun Kruger na Afirka ta Kudu, iyakar gudu kilomita 50 ce a awa kan kwalta, 40 kan turbar ƙasa, amma mai neman damisa bisa reshe rabin haka ma ya ishe shi.

Kada ka sauka ko ka miƙo jiki ta taga. Dabbobi sun saba da mota, amma da sun ga siffar mutum, ko su tsere ko su kawo hari. Giwa mai ɗa ta fi haɗari. In ta baza kunnuwa tana girgiza kai, kada ka kashe inji, kada ka danna oda, ja da baya sannu. A bakin kogi kuma, kada ka shiga tsakanin dorina da ruwa.