Yadda za ka haye mashigar Stelvio da mota

Da farko dai ka duba ko hanyar a buɗe take, don ƙanƙara na rufe ta tun wajajen Nuwamba har ƙarshen Mayu. Hanya ce da ke haye kan duwatsu, tana arewacin Italiya dab da bodar Suwizalan, tsayinta mita 2,757.

Ka cika tanki a garin Prad da ke gindin dutsen, a duba maka birki da ruwan lagireto, ka ɗau rigar sanyi ko a Yuli ne.

Sai ka bi ta ƙauyen Trafoi, nan fa aikin yake, kwanar hanya har 48 ce a wannan ɓangaren kuma kowacce sai ka juyo gaba ɗaya, to kafin ka shige ta ka dawo giya ta ɗaya ko ta biyu, ka leƙa sama ko bas na gangarowa, ka riƙe hannunka, 'yan keke da masu babur kuma suna da yawa don Allah ka yi musu haƙuri.

In ka kai sama ka faka, ka kalli dutsen Ortler, mita 3,905, gaskiya ya cancanci tsayawa.

Gangarawa garin Bormio da ke ɗaya ɓangaren kar ka danne birki ko'ina, zafi zai yi ya daina kamawa, ƙaramar giya za ta riƙe maka motar. Akwai matsattsun hanyoyi ta cikin dutse, ka kunna fitila kafin ka shiga.