Yadda ake mayar da gareji ɗakin haya ko shago a Garwa ba tare da meri ta tsayar da aiki ba

Da zarar an sayar da mota ko ta kwanta, garejin da ke tsaye shi kaɗai a jikin katanga sai ya fara tsone wa maigida ido: a toshe ƙofar da bulo, a zuba ɗan haya. Masu yin haka sukan kira magini kafin su taka meri, wato ofishin magajin gari, kuma hujjarsu ba ta canzawa, wai ai gyara ne, ba sabon gini ba. Dokar tsara birane ta Kamaru mai lamba 2004/003 ta 21 ga Afrilu 2004 ba ta karɓi wannan hujja ba. Ko ginin ya daɗe a tsaye, muddin aikin zai canza abin da ake yi a cikinsa, ko kamanninsa na waje, ko girmansa, ko a ɗora masa bene, sai da permin gini. Mai mayar da gareji ɗaki ya taɓa biyu a lokaci guda, don ya canza amfani, ya kuma canza fuskar ginin.

Mataki na farko, takardar fili. A nan na ga ayyuka da yawa sun mutu, shi ya sa zan daɗe a kansa. Buɗe akwati ka duba abin da kake riƙe da shi. In takardar saye ce mai sa hannun jauro ko lawan da shaidu, tana da daraja a unguwa, amma ba ita ce titir fonsiye ba, kuma tun dokokin filaye na 1974 da 1976 titir ne hukuma ke ɗauka a matsayin shaidar mallaka. Permin gini a kan titir yake hawa. Za a ce ka kawo takardar shaidar mallaka daga ofishin adana rajistar filaye, sabuwa, ba wadda ta shekara a ƙarƙashin katifa ba.

Sai ka duba sunan da ke jiki. Gidajen gado da yawa a tsofaffin unguwanni irin su Yelwa har yanzu suna ɗauke da sunan marigayi. Babban wa ne ke zaune a gidan, shi ya biya kuɗin bulo, amma a takarda ba shi da ko taku ɗaya fiye da ƙanwarsa da ke aure a Marwa. Kafin a mayar da titir sunan magada sai an bi ta kotu an samo hukuncin gado, kuma wannan ba aikin mako biyu ba ne. Shawarata, wadda ba na sassautawa: kada a sayi buhun siminti ko ɗaya sai kowane magaji ya sa hannu a rubuce cewa ya yarda, an kuma faɗi yadda za a raba kuɗin haya. Ranar da ɗan haya ya biya watan farko ake sanin wanda bai yarda ba tun asali. Wanda kuma yake haya ne a gidan, ya ajiye maganar gaba ɗaya sai mai gida ya ba shi izini a rubuce.

Marar titir ya tambayi meri game da permin kafa gini, wanda doka ta tanada don ginin da bai cancanci permin gini ba. Ka sani dai wannan permi bai zama shaidar cewa filin naka ne ba.

Na biyu, takardar urbanisim. Ita ce ke gaya maka abin da aka yarda a yi a wurin: zama, kasuwanci, tazarar da za a bari daga titi, ko ma an hana gini ɗungurungum. Gareji kusan kullum a bakin layi ake manna shi, wani lokaci har ya ci ƙasar hanya da taku biyu ba wanda ya kula, saboda mota ce ke kwana ciki. Ranar da ka fasa ƙofar shago ta fuskanci titi ka kafa rumfa, ranar ido zai dawo kansa. Masu gida a ƙasa-ƙasa wajen kogin Binuwai, waɗanda suka ga ambaliyar 2012, su fi kowa neman wannan takarda. Kuɗinta bai kai na tifar yashi da za ka yi asara ba in aka shafa maka jan fenti a bango.

Na uku, zane da lissafin kuɗin aiki. A samu mai zanen gini mai rajista da ƙungiyarsu ta ONAC ya zana garejin yadda yake da yadda zai koma, har da ramin masai. Harajin permi an saba lissafa shi kashi 1 cikin 100 na kuɗin ginin, wato aikin sefa miliyan 2 harajinsa jaka 20 ke nan, ban da tambura da kuɗin mai zane. Wasu kan rage lissafi don su tsira da jaka biyar. Ba na ganin riba a ciki, masu duba fayil sun san farashin simintin Figil sarai.

Na huɗu, kai fayil. A Garwa da Marwa da Ngawundare akwai hukumar babban birni, akwai kuma merin gunduma, kowane birni yana da uku. Permin gini a hannun magajin babban birni yake, don haka can za ka nufa. Karɓi rasit mai kwanan wata ka adana shi, domin wa'adin da doka ta ba su daga wannan rana ake ƙirga shi. In permi ya fito, ka fara aiki kafin shekara biyu, in ba haka ba ya mutu.

Wajen ginin kansa, abu uku ne magina ke ha'inci a kai. Bakin ƙofar gareji yawanci ba shi da tushe, daɓe ne kawai, to a haƙa a zuba tushe kafin a jera bulo, in ba so kake bango ya tsage a damina ta biyu ba. Daɓen ma an yi shi ne daidai da ƙasar waje don mota ta shiga, a ɗaga shi kada ruwan Agusta ya kwana da ɗan haya. Sai iska: tagogi biyu masu fuskantar juna da silin a ƙarƙashin kwano, don ɗakin da ba su, a zafin Afrilun Garwa, tanderu ne. Taga kada ta leƙa tsakar gidan maƙwabci. Ramin masai ya yi nesa da rijiya. Wuta a ja mata mita tata daban, ba a saƙalo waya daga falo ba.

In an gama, koma meri ka nemi takardar da ke tabbatar da cewa ginin ya bi zanen da aka amince da shi. Mai shago kuma yana da sauran zuwa ofishin haraji kafin ya jera kaya.