Ɗan agwagwa ya kasa tsayuwa: kurakuran da aka fi yi wajen jinyar ƙafa da ƙarancin bitamin

Ciwon ƙafa a 'ya'yan agwagi ba cuta ɗaya ba ce. Abu biyar ko shida ne mabambanta, amma dukansu a ƙafa suke bayyana, shi ya sa mai kiwo ke zuba magani ɗaya ga kowa ya zauna jiran sakamako. Lokacin gyara kuma ba shi da yawa. Farar agwagwar nama irin ta Pekin tana kai kusan kilo 3 cikin mako 7, don haka ƙashin da ya fara lanƙwashewa a mako na biyu zai ƙame a haka idan aka yi sakaci.

Ba da magani kafin a duba ƙafar

Kafin ka buɗe kowace leda, ajiye ɗan agwagwan a kan tawul ka ga yadda yake tsayuwa, sannan ka ɗauke shi ka laluba ƙafar da yatsa tun daga cinya har tafi. Idan ƙafafu biyu sun lanƙwashe kamar baka, gwiwa ta kumbura amma ba zafi, yana taku uku ya zauna, ido garau, ci ba ya raguwa, to niyasin ne ya yi ƙaranci, wato bitamin B3. Idan yatsu sun naɗe ciki yana jan jiki a kan gwiwa, a zargi ƙarancin bitamin B2. Wanda ya karya wuya baya yana kallon sama ya kasa riƙe kansa, a fara zargin B1. Wanda wuyansa ya murɗe gefe yana tangaɗi, a duba bitamin E da sinadarin seleniyam. Matsa bakinsa a hankali: bakin da ke lanƙwasa ba tauri, tare da ƙashi mai laushi, alamar matsalar kalsiyam da fosfaras da bitamin D3 ce. Wanda ya fito daga ƙwai ƙafafu a tale, ɗaya gabas ɗaya yamma, ba bitamin yake nema ba, dabaibayi yake nema.

Ƙafa ɗaya ce ko biyu? Wannan tambayar kaɗai tana rage rabin ruɗani. Ƙarancin abinci yakan kama ƙafafu biyu, kuma yakan nuna a 'ya'ya da yawa kusan lokaci guda. Ƙafa ɗaya tak a ɗa ɗaya ta fi kama da targaɗe, karaya, rauni a tafi ko gocewar agara.

Abincin 'yan tsaki ba tare da ƙari ba

Nan ne tushen yawancin matsalar. Ɗan agwagwa yana bukatar niyasin kimanin miligiram 55 a kowane kilo na abinci, ɗan tsako kuwa 27 zuwa 35 sun ishe shi. Jikin kaza yana iya sarrafa wani sinadari na furotin ya mai da shi niyasin, na agwagwa kuwa ba ya yin haka sosai. Abincin da aka haɗa daidai bukatar 'yan tsaki zai riƙe su lafiya, amma agwagwa a mako na biyu ko na uku sai ta fara zaman dirshan.

Abin da ke ƙara dagula lamarin shi ne tsarma abincin da masara ko dusa don ya yi auki. Niyasin ɗin da ke cikin masara a ɗaure yake, hanjin tsuntsu ba ya iya tsotse mafi yawansa. Ka zuba rabi abincin kamfani rabi masara, ka raba bitamin ɗin da aka sa a ciki gida biyu kenan, ka kuma rage furotin da kalsiyam tare.

Gyaran hanya biyu ne. Ta farko, busasshen yis wanda aka riga aka kashe, irin da ake sayarwa don abincin dabbobi: giram 50 a kilo ɗaya na abinci, ko babban cokali ɗaya a kofi ɗaya. Garin yakan zame ya taru a gindin mazubi, agwagi su cinye na sama su bar shi, don haka a yayyafa ruwa kaɗan a cakuɗa ya manne. Abincin da aka jiƙa kuma kada ya kwana, a kwashe ragowar bayan 'yan sa'o'i. Yis na burodi mai rai ba ya maye gurbin wannan, kumbura ciki yake yi.

Ta biyu, niyasin a ruwan sha: miligiram 100 zuwa 150 a lita 4. Idan ƙwayar da ke hannunka ta miligiram 500 ce, kada ka jefa ta duka a ƙaramin mazubi. Daka ta, narkar da ita a rabin lita na ruwa, sannan ka ɗebi mililita 100 daga ciki ka zuba a lita 4. Karanta jikin kwalbar tukuna. Wanda aka rubuta niyasin ko niyasinamaid zalla shi ake so. Irin da aka yi don ya riƙa narkewa a hankali cikin jikin mutum, da irin da ake tallarsa cewa ba ya sa jan fata, ba su dace da wannan aiki ba. A ci gaba da ba su har mako na 8 zuwa 10, ba ranar da suka miƙe za a daina ba.

Wanda aka kama da wuri yakan nuna sauƙi cikin kwana 3 zuwa 7. Wanda ƙashinsa ya riga ya ƙame a lanƙwashe zai samu ƙarfi, amma ƙafar ba za ta miƙe sak ba, kuma ninka maganin ba zai miƙar da ita ba.

Ruwan bitamin da ya kwana, ko ya sha rana

Ribofilabin, wato B2, haske ne ke lalata shi. A haɗa ruwan bitamin a farar roba mai nuna abin da ke ciki, a ajiye a rana, kafin azahar yawancinsa ya lalace. A haɗa sabo kullum, a mazubi mai duhu, a inuwa. Agwagi kuma da wasa da ruwa, sukan zubar da fiye da abin da suka sha, su cika sauran da abinci da kashi. A rufe mazubin da murfi mai huda daidai shigar kai, zurfinsa ya isa su tsoma baki har hanci su wanke, amma kada jiki ya shiga. Muddin ana ba da magani ta ruwa, kada a bar wani ruwan a kusa.

Wanda ya yi laushi har ba ya zuwa wurin ruwa, ba shi za a yi da hannu, kuma nan ake kashe da yawa. Ƙofar numfashinsa tana nan a gindin harshe, a tsakiya. Wanda ya buɗe bakin ya tsiyaya ruwa da sirinji, huhu ya tura shi. A ɗiga ɗigo ɗaya a gefen baki a bar shi ya haɗiye da kansa, ko a tsoma ƙarshen bakin a cokali.

Ƙarin kalsiyam ga duk wanda ƙafarsa ta yi rauni

Mutum ya ga ƙafa ba ƙarfi sai ya ce ƙashi ne, ya kawo garin ɓawon ƙwai, ko ya koma ba su abincin kajin ƙwai. Abincin kajin ƙwai yana ɗauke da kalsiyam kashi 3.5 zuwa 4 cikin 100, ɗan agwagwa kuwa bukatarsa ba ta kai kashi 1 ba. Rarar tana gajiyar da ƙoda, tana hana jiki amfana da fosfaras da manganis, sai ƙafar da ake son gyarawa ta ƙara lalacewa. Laushin ƙashi sau da yawa ba rashin kalsiyam ba ne, rashin daidaito ne tsakaninsa da fosfaras, ko rashin D3 da zai sa hanji ya tsotse shi. Tsuntsu D3 yake amfani da shi, D2 ba ya yi masa aiki sosai. Hasken ranar da ya ratso gilashin taga ma ba ya ƙirguwa, gilashi na tare irin hasken da fata ke bukata.

A nan ya kamata a yi hattara da yawan bitamin. Dangin B idan sun yi yawa kaɗan jiki na fitar da su. A da D da E kuwa taruwa suke yi a hanta da kitse, kuma yawan D3 yana sa kalsiyam ya daskare a ƙoda. Seleniyam ya fi su haɗari: bukatar ba ta wuce miligiram 0.2 a kilon abinci ba, tazarar da ke tsakanin magani da guba kuwa ƙanƙanuwa ce. Kada a haɗa hodar bitamin iri uku a ruwa ɗaya, a zaɓi ɗaya a bi awon da ke jikinta.

Shimfiɗa mai santsi, da dabaibayin da aka ɗaura ba daidai ba

Jarida, leda, kwali mai sulɓi da gindin baho na roba su ne ke tale ƙafar ɗan agwagwa a kwanakinsa na farko. Ƙafar ba ta samun abin kamawa, kullum tana zamewa waje, har kwatangwalo ya saba da haka. A kwanaki ukun farko a shimfiɗa tsohon tawul marar zare a sake, daga baya a koma ga sassaƙen katako mai kauri, ba gari mai laushi da za su ci ba.

Dabaibayin a sangali ake ɗaura shi, tsakanin gwiwa da tafi, ba a kan gaɓa ba, ba kuma a cinya ba. Yanka bandeji mai laushi, irin mai manne wa kansa, faɗin santimita ɗaya. Naɗa shi sau ɗaya da rabi a ƙafa ɗaya, ka bar tazara daidai faɗin tsayuwar lafiyayyen ɗan'uwansa, kimanin santimita 3 zuwa 4 ga sabon ƙyanƙyasa, sannan ka naɗa a ɗaya ƙafar. Zare da robar ɗauri suna yanka fata su tsai da jini. Filasta mai gam kuma tana tuge gashi. A kwance shi kullum a duba: tafin da ya yi sanyi, ya kumbura ko ya canja launi, ɗaurin ya yi tsauri. Girmansu na sauri ne, ɗaurin da ya yi daidai yau gobe ya matse. Kwana 3 zuwa 5 sukan isa idan an fara da wuri. Mai dabaibayi idan ya faɗa ruwa ba ya iya fita, don haka a ware shi da ruwa marar zurfi, a sa masa ɗan'uwa ɗaya mai sanyin hali don kada kaɗaici ya hana shi ci.

Gocewar agara daban take da talewa. Jijiyar da ke bayan gwiwa ce ke zamewa daga kwarminta, gwiwa ta yi faɗi, ƙafar ta juya gefe, ɗan agwagwa ya kasa miƙe ta. Ƙarancin sinadaran abinci irin su manganis ko kolin ko biyotin na jawo ta. Da yatsa za ka ji jijiyar tana birgima a gefen gaɓar. A kwana ɗaya ko biyun farko ana iya miƙe ƙafar baya a hankali a mai da jijiyar mazauninta a naɗe gaɓar, amma aiki ne da ya fi kyau likitan dabbobi ya yi. Dabaibayi ba ya yi mata komai.

Ɗora wa bitamin laifin ƙwayar cuta

Kuskure mafi tsada kenan, domin a nan garke ake asara ba ɗa ɗaya ba. Mai ƙarancin niyasin yana ci yana sha, ko a zaune yake zai miƙa wuya ya kai baki ga abinci. Wanda ya daina ci, ga kwantsa da majina, ga koren zawo, kai na rawa, ya faɗi rigingine yana harba ƙafa, wannan ƙwayar cuta ce irin su Riemerella, mai kama su tsakanin mako 1 zuwa 8, kuma maganin da likita ya zaɓa take bukata. Idan ƙanana 'yan ƙasa da mako 3 suna mutuwa farat ɗaya, kai a karye baya, a yi zargin cutar hanta ta agwagi. Shanyewar da ta fara daga ƙafa ta hau fiffike har wuya ya saki ya kwanta a ƙasa, a zargi guba da suka ci, a nemi mushe, tsutsa ko ruɓaɓɓen ruwa a inda suke kiwo. Gwiwa mai zafi da kumburi a gefe ɗaya, ko ƙullutu mai baƙin ɓawo a tafi, ƙwayar cuta ce ta shiga ta rauni, galibi daga jiƙaƙƙiyar shimfiɗa ko waya mai kaifi.

Akasin haka ma ana yi: a ɗura wa mai ƙarancin bitamin maganin kashe ƙwayoyin cuta mako guda, ƙafa na ƙara lanƙwashewa.

Buhun abincin shi ma a shinshina shi. 'Ya'yan agwagi na cikin tsuntsayen da gubar funfuna ta fi saurin kashewa. An gano wannan guba ne bayan mutuwar talotalo sama da 100,000 a Ingila a 1960, daga tunkuzar gyaɗa mai funfuna, kuma 'ya'yan agwagi ma sun mutu a lokacin. Abincin da ya dunƙule, ko yake warin tsohon mai, a zubar; man da ya lalace yana cinye bitamin E da ke ciki. Ɗanyen kifi na lalata B1, ɗanyen farin ƙwai na ɗaure biyotin, duka biyu a dafa su kafin a ba su.

Yawan furotin da rashin motsi

Furotin kashi 20 zuwa 22 na mako biyun farko ne, daga nan a sauko zuwa 16 ko 18. Wanda aka bari a kan abincin kajin nama, fitila a kunne dare da rana, cikin ƙaramin akwati, nauyinsa zai riga ƙashinsa girma. Iyo a ruwa mai ɗumi na minti 5 zuwa 10 yana motsa ƙafa ba tare da ɗora mata nauyi ba, amma kana tsaye a kansa, domin gashin jariri ba ya tare ruwa. Da ya fito a tsane shi da tawul a mai da shi wurin ɗumi, kimanin digiri 32 a makon farko, ana rage digiri 3 kowane mako. Wajen ɗaukarsa kuma a tallabo ƙirji da tafin hannu, kada a kama ƙafa.