Kafin ka kira mai sassabe bishiya a Jos

Da farko dai zagaya gindin bishiyar ka duba, in ka ga gara ta yi gini a jiki ko saiwa ta ɗago ƙasa, to aikin ya wuce na yaro da adda. Ƙwanƙwasa ta da itace, in ta yi ƙarar ganga cikinta rami ne.

Sai ka nemo masu injin yankan bishiya tun rani, kar ka bari sai Afrilu lokacin da iskar farkon damina ke kwashe kwanon rufin gidajen mutane, musamman ma in bishiyar turare ce, doguwa ga reshe mai saurin karyewa. Tambaye su igiya, wanda ya zo ba igiya wallahi sallame shi kawai, don babban reshe ɗaure shi ake a sauke a hankali.

Reshe na kusa da waya? Kira kamfanin wutar lantarki na JED su ɗauke wuta tukuna.

Ku gama ciniki kafin a tada inji, wa zai kwashe ganye, itacen na waye, wa zai biya in katangar maƙwabci ta faɗi. Kuma kar su yi mata aski kwalkwabo, matattun rassa da masu hawa kan rufi sun isa.