Yadda za ka fara karanta tarihin rayuwar mutane

In kana son littafin tarihin rayuwa, shawarata kar ka fara da mai kauri, zai sa ka gaji tun a babi na biyu. Fara da Baba of Karo, na 1954. Tsohuwa ce Bahaushiya ta zauna tana ba marubuciyar littafin, Mary Smith, labarinta da Hausa, tun zamanin da ake kai harin bayi kafin zuwan Turawa, da aurarrakinta da ƙawance da yadda ake suna, wallahi kamar kakarka ce ke maka hira bayan isha'i.

Daga nan sai ka ɗauki My Life na Sardauna, 1962. Amma fa ka tuna mutum in yana ba da labarin kansa akwai abin da zai tsallake, kuma ya rubuta shi shekara 4 kafin a kashe shi a 1966, shi ya sa nake cewa ka haɗa da wanda John Paden ya rubuta a kansa a 1986, ka dinga gwadawa.

Ka ajiye biro kusa, sunaye na da yawa. Shafi 10 bayan asuba ya isa.